Hutun Ƙarshen Mako da Jinyar Ɗan Kwikwiyo

Kowane ɗan makaranta yana murna da zuwan Asabar da Lahadi, gama a ranakun nan biyu ba a buga ƙararrawa, ba a kiran suna. Amma fa ba don barci da yawon banza aka ba ku su ba. A ƙasar Birnin Gwari yaro yana da ayyuka da yawa a ƙarshen mako. Da damina zai bi ubansa gona, ya taya shi noman masara ko dawa ko shinkafa. Da kaka zai taya girbi da kai amfani rumbu. Yarinya kuwa za ta taya uwarta shara da wanke-wanke da ɗebo ruwa. Ga wankin kayan makaranta, ga karatun allo, wanda hutunsa Alhamis da Juma'a ne, ga zuwa gai da kakanni, ga kuma ƙwallo da yamma.

To, a cikin wannan darasi za mu duba wani aiki da yakan faɗo wa yaro ba shiri, watau jinyar ɗan kwikwiyo marar lafiya. Za ku ga yadda ake shirya ranakun hutu don a sami lokacin jinyar ba tare da an bar sauran ayyuka ba. Za ku kuma koyi yadda mai jinya zai tsare kansa, domin akwai ciwon kare da ke kashe mutum.

Ƙasarmu da karnukanta

Garin Birnin Gwari yana yamma da Kaduna, nisansa kimanin kilomita 120. Ƙasarsa ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. Ƙasa ce mai daji, mai itatuwan doka da maje da kaɗanya da ɗorawa. A shekarar 1936 aka keɓe wani sashe na dajin don kada a sare shi. A shekarar 1999 Gwamnatin Tarayya ta mai da wurin gandun dajin ƙasa, shi ne gandun Kamuku. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 1,120 ko kusa da haka, ya kuma haɗu da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Doka ta hana farauta a cikinsa.

Mutanen da ke zaune a gefen daji irin wannan ba su rabuwa da kare. Mafarauci yana kiwonsa don farauta inda aka yarda a yi ta. Makiyayi yana kiwonsa don ya tsare garke daga kura da dila. Manomi kuwa yakan ɗaure shi a gona ya kori birai, gama jan biri ba ya jin kunyar masarar kowa. Malamai sun faɗa mana cewa addini ya yarda a ajiye kare saboda waɗannan ayyuka uku, watau farauta da tsaron dabbobi da tsaron shuka. Sun kuma ba mu labarin wani matafiyi da ya ga kare ƙishirwa ta kusa halaka shi, ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa saboda wannan. Kun ga ashe tausayin dabba abin lada ne.

Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Babban karen da kuke gani yana bin mafarauci, dā ɗan ƙanƙanen kwikwiyo ne wanda wani ya lura da shi. Karya takan yi kamar kwana 63 da ciki kafin ta haihu. Ana haifar 'ya'yan idanunsu a rufe, ba sa buɗewa sai sun yi kwana 10 zuwa 14. Bai kamata a raba su da uwa ba sai sun kai mako 8. A wannan lokaci na ƙuruciya jikinsu ba shi da ƙwari, ciwon da babban kare zai jure yana iya kashe kwikwiyo a kwana biyu.

Yadda ake gane marar lafiya

Dabba ba ta da bakin da za ta ce, "Kaina ke ciwo." Saboda haka idon mai ita shi ne bakinta. Kwikwiyo mai lafiya yana da wasa da ci, idonsa garau, gashinsa luf-luf. In kun ga ya ƙi abinci, ya koma gefe ya kwanta, ko yana amai, ko zawo, ko ƙwantsa ta cika masa ido, ko cikinsa ya kumbura alhali haƙarƙarinsa a waje, to, ba lafiya.

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi. A kama fatar bayan wuyansa a ɗaga kaɗan, sa'an nan a saki. In ta koma nan take, jikinsa da sauran ruwa. In ta tsaya a tattare kamar tsumma, ruwan jikinsa ya yi ƙasa, kuma haɗari ya matso. Malamin dabbobi shi yana da ma'aunin zafi. Zafin jikin kare mai lafiya digiri 38 ne zuwa 39, watau ya ɗara na mutum kaɗan, wanda yake 37.

Abubuwan da suka fi damun kwikwiyo a ƙasarmu guda huɗu ne. Na farko tsutsar ciki, wadda sau da yawa daga uwarsa yake samo ta. Na biyu kaska da ƙuma, masu shan jini. Kaska har takan sa masa zazzaɓi. Na uku tsutsar wani ƙuda, wanda yakan yi ƙwai a cikin yashin da fitsari ya jiƙa, in kwikwiyo ya kwanta a wurin sai tsutsar ta shige fatarsa ta yi ƙurji kamar maruru. Na huɗu, wanda ya fi su saurin kisa, shi ne ciwon amai da zawon jini mai wari, wanda likitoci ke kira farbo. An fara gane wannan ciwo a duniya a shekarar 1978. Karnukan da ke shiga ƙurmi kuma tsando yakan cije su ya sa musu sammore, kamar yadda yake yi wa shanu.

Kafin ku taɓa shi

Ga magana mafi girma a cikin darasin nan, ku riƙe ta da kyau. Akwai ciwon da ake kira haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta cizo, ko yaƙushi, ko lasar wurin da ke da rauni. Daga nan sai ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Galibi takan yi wata 2 ko 3 ba a ga kome ba, har a manta da cizon. Amma ranar da alamun suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum kamar 59,000 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Cikin kowane mutum 10 da ya kashe, kamar 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba, watau tsararku.

Kada ku ce ai wannan ɗan ƙarami ne, ba shi da hauka. Kwikwiyo ma yana kamuwa, musamman a gefen daji inda karnukan gida ke gamuwa da dila da karnukan da ba su da mai su. Ga alamun: halinsa ya sāke, mai wasa ya zama mafaɗaci, ko mafaɗaci ya yi laushi, yana cizon itace da duwatsu, muryarsa ta canja, bakinsa a sake, yawu yana dalala, ƙafafunsa na baya suna shanyewa. Wani in ya ga bakin a buɗe sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya sa hannu zai cire. Kada ku kuskura ku yi haka. Ku ja da baya, ku janye ƙannenku, ku kira babba.

In kuwa kare ko kwikwiyo ya ciji ɗayanku, ko da ɗan ƙwarzane ne, ga abin yi. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana wankewa, har minti 15 cur. Kada a sa barkono ko toka ko ƙasa ko gashin karen. Sa'an nan a tafi asibiti a ranar, ko Asabar ce ko Lahadi, a faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da ya faru, don a fara allurar rigakafi in ya ga da bukata. Karen kuwa manya su tsare shi inda ba zai kai ga kowa ba, a lura da shi kwana 10, amma ba a jiran kwanakin nan su cika kafin a je asibiti. Yaron da ya ɓoye cizo don tsoron faɗa ya cuci kansa. Faɗan Baba na ɗan lokaci ne, ya wuce.

Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya fara samo allurar wannan ciwo. Ran 6 ga Yuli, 1885, a birnin Faris, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 ita, sunansa Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya cije shi. Yaron ya rayu har ya girma. Pasteur ya rasu ran 28 ga Satumba, 1895, shi ya sa aka zaɓi 28 ga Satumba ta zama ranar tunawa da yaƙi da haukan kare a duniya.

Shirin ranakun hutu

Yanzu mu ɗauka kwikwiyon gidanku ya kwanta ran Juma'a da yamma, yana zawo, ya ƙi ci, amma babba ya duba bai ga alamar hauka ba. Ku kuwa kun riga kun shirya gobe za ku gona da safe, ku yi ƙwallo da yamma. Ƙaƙa za ku yi?

Abu na farko, ku gaya wa maigida. Ku durƙusa ku ce, "Baba, kwikwiyon nan tun rana bai ci kome ba, kuma yana zawo. Don Allah a nemo mana malamin dabbobi." Ofisoshin gwamnati a rufe suke Asabar da Lahadi, amma ciwo bai san hutu ba. In akwai jini a zawon, ko amai ya ƙi tsayawa, kada a ce sai Litinin, gara Baba ya nemi malamin ta waya ko ya aika gidansa. In ciwon da sauƙi, sai ku yi jinya kamar yadda za a faɗa, ran Litinin da sassafe a kai shi.

Abu na biyu, ku raba aiki tun daren Juma'a. Ku ɗauko takarda ku rubuta ayyukan kwana biyun duka, kowanne da lokacinsa da mai yinsa. Marar lafiya yana bukatar a leƙa shi akai-akai, mutum ɗaya ba zai iya ba sai ya bar gona ko karatu. Ƙane ya ce wa wansa, "Yaya, in ka riƙe mini da safe ina gona, ni zan karɓe ka bayan Azahar." Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Ran Asabar, bayan sallar Asuba da gai da iyaye, ku fara da makwancinsa. Ku raba shi da 'yan'uwansa, gama ciwon zawo yana yaɗuwa. Ku nema masa wuri busasshe mai inuwa, inda iska ba ta bugawa, ku shimfiɗa tsohon buhu da tsumma. Da hunturu a ƙara masa abin rufa, don sanyi yana saurin kama kwikwiyo. Kashinsa a kwashe da shebur ko ɓallin tukunya, a haƙa rami a binne. A wanke wurin da ruwan bilic, ludayi 1 cikin ludayi 30 na ruwa, gama ƙwayar farbo takan yi watanni a cikin ƙasa ba ta mutu ba.

Sa'an nan ruwa. Abin da ke saurin kashe mai zawo ƙarewar ruwan jiki ne. A tafasa ruwa lita 1, a bari ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe bakin cokalin kada a yi tozo, a motsa. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a cikin nasa kasko. Kada a yi masa ɗura da ƙarfi, don kada ruwan ya bi ta huhu. In yana sha yana amayarwa, aikin ya fi ƙarfinku, sai likita.

Wanda ya gama nasa lokaci sai ya wanke hannu da sabulu, ya tafi aikin da ke jiransa. Wanke hannun nan wajibi ne duk sa'ad da aka taɓa shi, domin ƙwan tsutsar kare yana shiga cikin yaro ta baki. Ku sa takalmi in za ku shiga wurinsa. Kada ku bari ya lashi fuskarku. Kwanonsa dabam, ba a haɗa shi da na gida.

Ran Lahadi, in amai ya tsaya, a gwada shi da abinci mai laushi: kunu marar tsami, ko dafaffiyar shinkafa da ɗan dafaffen ƙwai ko tsokar nama. A ba shi kaɗan sau huɗu ko biyar, ya fi a cika masa kasko sau ɗaya. Ban da yaji, ban da albasa, ban da ƙashin kaza da ƙayar kifi. Madarar shanu ma takan ƙara wa wasu zawo. Da hantsi a duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa. In an ga kaska, babba ya kama ta daf da fata ya ja a hankali, ya jefa ta cikin kananzir, kada a murtsuke ta da farce. Tsakanin wannan da wancan sai ku yi aikin da Malam ya ba ku, ku goge kayan makaranta, ku je gai da kaka.

Watakila ƙwallon Asabar ya wuce ku. Ku yi haƙuri, fili yana nan, wata Asabar tana tafe. Ran kwikwiyo kuwa in ya fita ba ya komowa.

Abubuwan da ba a yi

Kada ku ba shi maganin mutane, irin su farasitamol da maganin ciwon jiki. Abin da ke warkar da ku yana iya lalata masa hanta ko ƙoda. Kada ku yi masa wanka da maganin feshin gona ko fiya-fiya don kashe ƙuma, gama guba ce gare shi da ku duka. Kada ku shafa masa baƙin mai don ƙazuwa. Kada ku jefe shi ko ku kai shi bola ku yar don ya ƙazantu.

Kada kuma ku shiga daji neman saiwa ko ganye don ku yi masa magani. Kun san wahalar da ƙasar nan ta sha shekaru da yawa a hannun 'yan bindiga, har gonaki suka koma saura, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro. A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe. Duk da haka daji daji ne. Yaro ba ya wuce inda iyayensa suka iyakance masa, kuma ba ya zuwa gona mai nisa sai tare da babba.

Wani lokaci za ku yi iyakar ƙoƙarinku, kwikwiyon ya mutu. Ba abin kunya ba ne ku ji baƙin ciki. Babba ya haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya da rafi ya binne shi. Amma in ya ciji wani kafin ya mutu, kada a binne sai an sanar da malamin dabbobi, domin ana iya gwada ƙwaƙwalwarsa a gane ko hauka ne.

Rigakafi ya fi magani

Yawancin wahalar nan ana iya kauce mata. Tun kwikwiyo yana mako 2 ake fara ba shi maganin tsutsa, malamin dabbobi shi zai faɗi yawansa. In ya kai mako 6 zuwa 8 a yi masa allurar farbo. In ya cika wata 3 a yi masa ta hauka, a kuma riƙa sabunta ta kowace shekara. Masana sun ce in aka yi wa kare 7 cikin kowane 10 na gari allura, ciwon hauka ba zai sami hanyar yaɗuwa ba. Kun ga allurar karenku kariya ce ga maƙwabta ma.

Akwai waɗanda aikinsu ke nan. A Vom, kusa da Jos, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi tun shekarar 1924, inda ake yin alluran rigakafi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ana koyar da likitancin dabbobi, kuma akwai asibitinsu. Wa ya sani, ko a cikin ajin nan akwai wanda wata rana zai je can ya koyo, ya komo ya yi wa dabbobin Kuyello da Randagi da Dogon Dawa magani? Irin wannan aiki daga jinyar ɗan kwikwiyo yake farawa. Yaron da ya iya raba lokacinsa, ya riƙe amanar abin da ba shi da baki, shi ne gobe za a ba amanar mutane.

Tambayoyi

1. Faɗi ayyuka uku da ake ajiye kare dominsu a ƙasar Birnin Gwari.
2. A wace shekara dajin Kamuku ya zama gandun dajin ƙasa?
3. Yaya ake gane ruwan jikin kwikwiyo ya yi ƙasa?
4. Faɗi alamu huɗu na haukan kare.
5. In kare ya ciji ƙanenka ran Lahadi, me za ka fara yi? Minti nawa?
6. Me ya sa aka zaɓi 28 ga Satumba?
7. Bayyana ma'anar wannan karin magana: ba a kiwon kare ranar farauta.

Aikin yi

Ja layi a tsakiyar shafin littafinka, ka rubuta Asabar a dama, Lahadi a hagu. Jera ayyukan da za ka yi a wannan mako, kowanne da lokacinsa, tun daga Asuba har Isha'i. Kada ka manta da dabbobin gidanku. Ran Litinin ka kawo wa Malam, ka nuna masa waɗanda ka cika da waɗanda suka rage.